Ɗan Shamuwa a Gidan Kyauta

A shekarar da fatake suka fara kawo labarin wai jirgin ƙasa ya iso Kano, akwai wata dattijuwa a wani ɗan ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Gumel, sunanta Kyauta. In dai maganar kaji da zabi ake yi, to a bar mata. Ita ce ke sa wa kaza ƙwan zabi goma sha biyar, su fito goma sha biyar, ta raine su har su yi ƙwari shirwa ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Mata kan taso daga ƙauyukan kewaye da kaza mai gyangyaɗi a hammata, ta buɗe bakin ta duba, ta faɗi saiwar da za a jiƙa. Abin ya hau mata kai, ko da yake ba laifinta ba ne ita kaɗai, mutane ne suka yi ta zuga ta. Takan ce duk wani mai fiffike ba ya mutuwa a hannunta sai in wuƙa aka sa masa. Mijinta, Malam Ɗantsoho, manomi ne marar yawan magana, kuma ya daɗe da gane cewa gardama da Kyauta a kan tsuntsu ɓata yawu ne.

A bayan dangarsu, dab da rumbun gero, akwai wata tsohuwar kuka da shamuwa ke yin sheƙa a kanta duk shekara. Kowa a ƙasar nan ya san shamuwa baƙuwa ce. Gab da faɗuwar damina take zuwa, da an gan ta sai a fara fito da iri. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da farar damina, in kaka ta yi kuma su taru su duka su koma kudu inda suka fito. Ba a jifanta, ba a cin namanta. Wadda duk tafiyar nan ta wuce ta, rani ne zai gama da ita, don ba ta da abinci a nan in ciyawa ta bushe tafkuna suka ƙafe.

Wata rana a tsakiyar damina aka yi ruwa da iska mai ƙarfi tun da hantsi. Da aka ɗauke, Kyauta ta zagaya bayan gida duba zabinta, sai ta tarar da ɗan shamuwa a gindin kuka, ya jiƙe sharkaf, yana tsaye a kan dogayen ƙafafunsa yana rawar ɗari. Girmansa ya kai na budurwar kaza. Ya sare ta a hannu da ta kama shi, ita kuwa ta yi dariya, ta naɗe shi a gefen zanenta ta shigo da shi gida.

Tana cikin shanya shi a rana sai ga A'i ta yi sallama. A'i Bafillatana ce daga wata ruga ta wajen Sule Tankarkar, takan kawo nono ta karɓi gero. Kyauta kuwa kakanninta Mangawa ne, dangin Barebari, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, irin wanda aka gada. Shekara talatin suna tare, ba wadda ta taɓa gaya wa 'yar'uwarta magana a miƙe. Gaisuwa ma da tsiya suke yin ta.

A'i ta sauke ƙwarya ta ce, "Babarbariya, yau kuma me kika sato?"

"Maraya na tsinta. Ku da ba ku san tausayi ba sai na maraƙi."

"Wane maraya? Ɗaga kanki ki duba."

Kyauta ta ɗaga kai. Shamuwa biyu ne a kan reshen kukar na ƙasa, wanda ya leƙo tsakar gidan, sun karkato da wuya suna kallon abin da ke gabanta.

A'i ta ce, "Ga uwarsa, ga ubansa. Dubi gashinsa, ya gama fitowa, kwana kaɗan ya rage masa ya tashi. Ki sa shi a tsohon kwando, Malam ya ɗora a kan rumbun can inda kare ba zai kai ba, ki kau da kai. Za su sauko su ba shi abinci. Mu a daji haka muke gani."

Gaskiya tsantsa ta faɗa. Amma daga bakin abokiyar wasa ta fito, kuma a cikin tsakar gidan Kyauta, a kan sana'ar Kyauta. Sai ta ɗauka sabon salon tsokana ne, wato ana ce mata ba za ta iya ba.

"Yau kuma mai bin bayan saniya ce za ta koya mini kiwon tsuntsu? Auna mini nonona, in ba rabi ruwa ba ne."

A'i ta yi dariya, don haka al'ada ta ce a yi, ta kuma rama da tata. Dariyar nan ita ta ɓata komai. Da ta ɗaure fuska ta maimaita, wataƙila da an ji. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, Kyauta kuwa ta kife ɗan shamuwa da babban kwandon da take rufe 'yan tsaki.

Kwana uku iyayen na sauka a kan danga. Su zo tun da safe su tsaya, ɗaya ya tafi ya dawo, suna leƙen kwandon, shi kuma yana ta bugun saƙar da baki daga ciki. Kyauta ta ce wa mijinta sun zo ganin gidan da ɗansu ya samu ne. Malam Ɗantsoho ya ce, "Ko dai a ba su abinsu? Ga tsani nan, yanzu sai in ɗora shi." Ta yi kamar ba ta ji ba. A rana ta huɗu ba su sauko ba, akwai wasu 'ya'yan a sheƙa masu jiran abinci.

Kiwon bai zo mata da sauƙi ba. Ta watsa masa tsaki, ya kalle shi ya kau da kai. Ta jiƙa masa gero, ta dama masa fura, har gumba ta murmusa masa, ko kallo. Kunya ta kama ta, ga A'i za ta zo ta gani. Sai da ta tsaya ta lura da manyan a gona, suna bin bayan masu noma suna cafke fara, sannan ta gane. Daga ranar, kullum da sassafe, lokacin da raɓa ta sa fara ba ta iya tashi, sai ka ga dattijuwa a bakin gona ta duƙa tana tsinta tana zubawa a buta. Ranar da ya fara karɓa daga hannunta ya haɗiye, har guɗa ta so yi, ta tuna da shekarunta ta fasa.

Ta ƙaunace shi, ba a iya ɓoye wannan. 'Ya'yanta duk sun watse gidajensu, tsakar gidan ta yi mata faɗi, ga kuma wani abu mai dogon wuya yana bin ta daga madafa zuwa bakin rijiya yana taku kamar dagaci. Kaji ba sa kallon mutum a ido, shi kuwa yana yi. Bayansa ya yi baƙi sumul, cikinsa ya yi fari tas. In ta zauna tsince wake sai ya tsaya a gefenta da ƙafa ɗaya. A'i ta riƙa kiransa angon Babarbariya, Kyauta tana jin daɗi tana cewa hassada ce.

Sai ya fara tashi. Da fari daga ƙasa zuwa kan turmi, sannan kan danga, sannan kan rumbu. Wata rana ya yi sama ya sauka a kan kukar, a tsakiyar 'yan'uwansa, bai dawo ba sai bayan la'asar. Yinin nan Kyauta ba ta iya komai ba, tuwo ma ƙonewa ya yi. Ta ce wa mijinta tsoro take ji kada kare ya kama shi in ya sauka a wani wuri. Ita ma ta san ba kare take tsoro ba. Tsoronta kada wata rana ya hau ya ƙi saukowa.

To, mai kiwon zabi hanya biyu ta sani ta hana tsuntsu tashi, duk a fiffike ɗaya ake yi. Ko a fige dogayen gashin daga tushe, ko a yanke su da wuƙa. Figewa da zafi, har jini yakan fito, amma kafin kwana arba'in sabon gashi ya maye gurbi. Yankewa ba zafi ko kaɗan, kamar yanke farce, sai dai guntayen na nan a maƙale, jiki bai san an taɓa komai ba, ba zai fid da sabo ba sai shekara ta kewayo. Kyauta ta san wannan sarai. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta damu da ranar da gashin zai dawo, don zabo da kaza ba inda za su.

Washegari ta kifa turmi, ta wasa wuƙa. Ɗan shamuwa ya zo da kansa, yana tsammanin fara ce. Ta shimfiɗa fiffikensa na dama a gindin turmin. Malam Ɗantsoho na gyara ƙotar fartanya a inuwa, ya ɗago ya ce, "Kyauta, wannan fa ba zabo ba ne."

"Na sani, Malam. Shi ya sa ba zan fige shi ba, kada ya ji zafi."

Sau biyu ta ja wuƙar. Ko motsi bai yi ba. Ta share gashin da tsintsiya, ta ba shi fara, ta ji hankalinta ya kwanta. Kaka ta faɗo mata a rai, ta ce ai da sauran nisa, gero ma bai fid da kai ba.

Kaka kuwa ba ta jiran kowa ya gama shawara. Gero ya fid da kai, ya nuna, aka shiga yanka. Shamuwa suka fara taruwa a wata saura, tsohuwar gonar da aka daina nomawa, da ke gabas da ƙauyen, na wannan kuka da na waccan da na garuruwan da ba a sani ba, har filin ya yi baƙi. Da hantsi in rana ta ɗan yi zafi sai su tashi gaba ɗaya, su yi ta kewayawa suna yin sama ba tare da kaɗa fiffike ba, sannan su sauko. Haramar tafiya suke yi.

Kyauta na daka a ranar da ta fara ganin abin da ta yi. Inuwarsu ta gifta tsakar gidan, ɗan shamuwa ya karkata kai ya dubi sama. Sai ya ruga a guje ya buɗe fikafikai. Ya ɗaga kamar kamu ɗaya daga ƙasa, fiffiken hagu ya ɗebi iska, na dama bai ɗebi komai ba, ya juya ya faɗi da gefe. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa. Ya sake, ya bugi danga. Kaji suka watse suna kyarkyara. Ta tsaya da taɓarya a hannu ta kasa saukewa. Bai daina ba sai da sama ta koma fayau, sannan ya zo ya tsaya a gefenta yana haki, ƙirjinsa duk ƙasa. Zuwan nan da ya yi wurinta ya fi faɗuwar yi mata ciwo.

Da A'i ta zo washegari ta same ta zaune a ƙofar ɗaki ba ta ko kunna wuta ba. Ta dubi fiffiken, ta dubi Kyauta, ta sauke ƙwaryarta a hankali.

"Ina kwana, Kyauta."

A shekara talatin, wannan ne karo na farko da ta kira ta da sunanta ta gaishe ta kamar kowa. Kyauta ta ji gara ma a zage ta.

A'i ta buɗe fiffiken da yatsa ta ce, "Yankewa kika yi. Yaushe?"

"Tun kafin gero ya fid da kai."

"Da figewa kika yi, da tuni sun fito."

"Na sani. Zafin na ƙi masa." Sannan ta ce, "Ran nan da kika ce a ɗora shi a kan rumbu, na ɗauka wasa kike yi."

"Ni ma da na ga kin ɗauka wasa ne, sai na bar shi a wasa. Ban kyauta ba."

Abu ɗaya ya rage, su duka sun san shi. A'i ta matse shi a cinyarta ta riƙe bakin, Kyauta ta kama guntayen gashin ɗaya bayan ɗaya tana fizgewa daga tushe. Goma ne. Kowanne da ɗigon jininsa. Shamuwa ba ta da kuka irin na kaza, sai wani ɗan huci da yake yi yana karkarwa. Zafin da ta hana shi a lokacin da zai yi amfani, ga shi ta ba shi da hannunta bayan lokaci ya ƙure. Tana yi tana hawaye, ba ta ko share ba.

Kwana arba'in ake bukata. Shamuwa suka ba ta tara. A rana ta goma suka tashi da hantsi kamar kullum, suka yi ta kewayawa har suka zama ɗigo-ɗigo, amma ba su sauko ba, suka miƙe kudu. Da yamma saurar ta zama fili, sai kashinsu da 'yan gashin da suka zubar.

Wani mai jaki ya ce ya baro wasu a bakin wani tafki a wajen Gagarawa. Kyauta ta dubi mijinta, shi kuwa bai ce mata ai na faɗa ba, ya je ya ɗaura wa jakinsa akumari. Suka sa ɗan shamuwa a kwando suka kama hanya, a tsakiyar aikin kaka, mutane na tambaya ko lafiya. Tunaninta ko za a sami masu jinkiri da za su zauna har gashinsa ya fito. Da suka isa, balbela kawai suka tarar a bayan shanu. Masu kiwon wurin suka ce shekaranjiya na ƙarshe suka wuce.

Suka dawo gida. Sabon gashi ya tsiro, ya yi tsawo, ya yi kyau har ya fi na hagu sheƙi. Kafin nan sanyi ya shigo, ciyawa ta bushe, kwaɗi sun shige ƙasa. Farar da take cika buta kafin rana ta fito, yanzu sai ta yini ba ta rufe gindin butar ba. Ƙashin ƙirjinsa ya fara fitowa.

Ranar da ya tashi, ƙauyen duk an gani. Ya yi sama sosai, yana kewayawa shi kaɗai, ya daɗe. Kyauta ta kare ido da hannu tana addu'a a ranta Allah ya sa ya miƙe. Ya duba nan, ya duba can, ba kowa. Sai ya sauko a hankali ya dira a ƙofar ɗakinta, a tsakiyar kaji. Maƙwabta suka riƙa cewa kai, Kyauta, hannunki da albarka, shamuwa ta zama 'yar gida. Abin da ta nema ke nan tun farko, ga shi ta samu, kuma ta san in ya zauna ba zai kai bazara ba.

Sai ta yanke shawarar hana shi abinci, ko yunwa ta kore shi. Rana ta farko ya bi ta ko'ina. Rana ta biyu ya riƙa jan bakin zanenta. Rana ta uku ta ɗaga masa tsintsiya, abin da ba ta taɓa yi ba, ya ja da baya ya tsaya daga nesa yana kallonta da ido ɗaya. Ta shige ɗaki don kada ta gani.

A rana ta huɗu zuciyarta ta karye. Ta ce bari ta ba shi ko sau ɗaya, ya sami ƙarfin tafiya. Ta fita tun da sassafe, ta bi karan dawa gona bayan gona, da ƙyar ta sami fara shida, ta dunƙule su a hannu. Tana dawowa, ta kusa kukar, ta hango shi ya riga ya yi sama. Ta tsaya cak. Ya kewaya sau uku, sau huɗu, yana ƙara nisa. Wannan karon bai sauko ba. Ya miƙe, ya nufi arewa, wajen Maigatari, inda ba tafki ko ɗaya a wannan lokaci, sai rijiyoyi masu zurfi da rairayi har iyakar ƙasar.

Ta yi masa kiran da take yi wa kaji, don shi kaɗai ta koya masa. Ta ɗaga hannu tana nuna masa kudu kamar yadda ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. Ta ɗan bi shi da sassarfa har ƙarshen gonar, numfashinta ya ƙare. Ya ƙanƙance, ya ɓace mata.

Malam Ɗantsoho na zaune a zaure yana tufka igiya ta shigo. Ya dubi fuskarta ya ce, "Ya tafi?"

"Ya tafi, Malam. Arewa ya yi."

Ya ajiye igiyar.

"Bai san hanya ba," ta ce. "Masu nuna masa sun tsaya kwana uku a kan dangar nan, ni na hana su shi."

Ta zauna a dakalin zauren, wurin da ba ta saba zama ba. Sai can ta tuna da hannunta, ta buɗe. Farar duk sun mutu, ta matse su ba ta sani ba.